Cinikin fata da ƙirgi a Kano

Cinikin fata da ƙirgi na ɗaya daga cikin tsofaffin sana'o'in da suka haɗa birnin Kano da ƙasashen waje. A bakin 'yan sana'ar, fata ita ce ta akuya ko tunkiya, ƙirgi kuwa na saniya ne. Majema su ne masu gyara ɗanyar fata, dukawa kuma su ɗinka ta su fitar da takalma, sirdi, gafaka, zabira, layu da kuben wuƙa. Har yau akwai unguwar Dukawa a cikin birni, akwai kuma majemar gargajiya a Ƙofar Wambai.

Zamanin ayari

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda aka kafa kasuwar Kurmi a lokacinsa, Kano take zangon fataken hamada. Ayarin raƙuma yakan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa Ghat da Gadamas, ya sauke kaya a Tarabulus, tafiyar watanni. Larabawan Gadamas da na Tarabulus sun zauna a cikin birni, sunayen unguwanni ma sun riƙe tarihinsu: Alfindiki daga kalmar Larabci ce mai nufin masauki, Dandalin Turawa kuwa ya samu sunansa tun lokacin da Larabawa ake kira Turawa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kai jemammiyar fata da jar fatar tumaki da yawa har Tarabulus, ban da takalman Kano da ake sayarwa a ƙasashe masu nisa. A ƙarshen ƙarni na 19, da kasuwar gashin jimina ta faɗi a Turai, fata ta zama babban kayan da ayari yake ɗauka zuwa arewa.

A nan ne aka yi wa ƙasar Hausa sakiyar da ba ruwa. Da yake ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka fatar take isa Turai, sai aka riƙa haɗa ta da tasu ana kiran su duka fatar Maroko, alhali wani kaso nata na jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ne. Fatar wannan akuya tana da laushi da ƙarko, shi ya sa masu yi wa littattafai bango a Ingila suka ɗauke ta da daraja.

Yadda ake jima

Jimar gargajiya aiki ne na kwanaki, kuma mai wari. Ana jiƙa fata, a tsoma ta cikin ruwan toka don gashi ya saki, a kankare ta da wuƙa a kan itace, a sa ta cikin ruwan kashin tattabaru ko na kaji ta yi laushi. Daga nan sai ruwan bagaruwa da aka daka, wanda shi ne ainihin abin da ke hana ta ruɓewa. A ƙarshe a shafa mata mai, a shanya. Jan launin da aka san fatar Kano da shi daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuwa daga kuloko.

Bayan zuwan jirgin ƙasa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Cikin 'yan shekaru hanyar hamada ta mutu, kaya suka juya kudu zuwa Ikko. Kamfanonin Turawa irin su John Holt sun fi son busasshiyar ɗanyar fata, su kai ƙasarsu a jeme a can, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta sa malaman dabbobi suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda fata ba, da shanya a inuwa. Yawan fatar da ake fitarwa ya ƙaru, amma rabon majema a cikin ribar ya ragu.

Daga baya an gina masana'antun jima na zamani a Bompai, Sharaɗa da Challawa, kuma akwai cibiyar binciken fata ta ƙasa a Samaru, Zariya. Akasarin abin da suke fitarwa zuwa Italiya da Sifaniya fata ce da ba a mai da ita takalmi ko jaka ba tukuna. Ƙirgi kuwa yana da wani abokin takara, wato tukunya, domin da yawansa ganda ake yi da shi a cinye.

Lokacin Babbar Sallah ne kasuwar take cika. A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa da Tarauni za a ga masu sayen fata a bakin titi da buhunan gishiri, ƙungiyoyin addini irin su Izala kuma suna tattara fatun layya su sayar don ayyukansu.

Tunawa da tarihin

A wasu ƙasashe ana yi wa irin wannan ciniki biki na musamman. A Amurka, daga 1825 zuwa 1840, mafarautan dabbar ruwan nan da ake kira biba, wadda ake yin huluna da gashinta, sukan haɗu da 'yan kasuwa da ƙabilun asali sau ɗaya a shekara a yankin duwatsun Rocky don musayar kaya. Garin Pinedale na jihar Wyoming yana tuna wannan haɗuwa duk watan Yuli, mutane su sa tufafin wancan zamani, su kafa tantuna, su kwaikwayi cinikin.

A Kano inda aka fi ganin wannan tarihi shi ne gidan tarihi na Gidan Makama, da rumfunan dukawa a Kurmi, da kuma hawan Sallah, inda sirdi da linzami da kayan ƙawar dawakai, da takalman mahaya, galibi aikin dukawan birni ne.