Kwaɗon zogale

A Ɗan Isa da ƙauyukan kewaye, kowane yaro ya san kwaɗo. Mata suna yin shi da rama, ko yaɗiya, ko shu, amma na zogale ya fi farin jini. Ana cin shi da marece, ko a sa shi gefen shinkafa da wake. Da damina, in hatsi ya yi ƙasa cikin rumbu, ganye yana taimakon gida ƙwarai.

Asalin zogale daga ƙasar Indiya ne. A nan wajenmu, manoman Jiratawa, cikin ƙasar Madarumfa, suna noma shi a garake, suna kai shi kasuwar Maradi buhu-buhu.

Ganyen zogale yana da amfani ga jiki. Akwai abin da ke ƙara jini a cikinsa. Akwai kuma bitamin A, wanda ke kare yaro daga dundumi, wato rashin gani da dare. Amma in ba a iya dafuwa ba, amfanin yana raguwa.

Ga yadda ake yi. Da farko a zage ganyen, a fid da itatuwa. A wanke shi sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta, sai yashi ya fita. A aza tukunya da ruwa kaɗan. In ruwan ya tafasa, a zuba ganyen, a rufe. Bayan kamar minti 20, a ɗauki ɗan ganye a murza da yatsa. In ya yi laushi, ya dahu. Sai a sauke, a tsane shi, a matse kaɗan.

Kada a cika ruwa, domin wani amfanin yana narkewa ya bi ruwan da ake zubarwa. Kada kuma a sa kanwa da yawa. Kanwa tana sa ganye ya dahu da wuri, amma tana kashe wasu bitamin.

Daga nan sai haɗi. A daka ƙuli-ƙuli da tonka da gishiri. A yanka albasa da tumati. A zuba duka bisa ganyen, a sa man gujiya cokali biyu, a cuɗa sosai. Man ba don daɗi kaɗai ba ne: shi ke taimakon jiki ya karɓi bitamin A.

Mai son aje ganye don rani, ya shanya shi a inuwa. Rana mai zafi tana rage amfaninsa.

Ba mu kaɗai ke cin dafaffen ganye ba. Can a kudancin Amurka, baƙaƙen fata, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi, suna dafa wani faffaɗan ganye dangin shu. Suna sa mashi nama mai banda, ya daɗe bisa wuta. Ba su zubar da romon, suna tsoma burodin masara ciki su ci.

Yara, ku wanke hannu da sabulu kafin ku sa shi cikin akushi.

Tambayoyi

1. Mine ne dundumi?
2. Don mi ba a cika ruwa wajen dafa zogale?
3. Ina ya kamata a shanya ganye?
4. Ku tambayi iyayenku mata sunan ganye biyar da ake kwaɗawa, ku rubuta su.