Ciwon Hannu Lokacin Furojet: Ina Ruwan Damuwa?

Duk wanda ya kwana yana buga furojet a kwamfuta ya san zogin nan na wuyan hannu da kafaɗa. Maimaita motsi ɗaya ne ke gajiyar da jijiyoyi, amma ba shi kaɗai ba. In fargabar difens ta kama ka, tsokokin wuya da kafaɗa kan ɗaure ba ka ma sani ba. Ƙwaƙwalwa kuma, wadda ke fassara saƙon ciwo, sai ta ƙara masa ƙarfi, musamman in barci bai ishe ka ba. Ciwon fa na gaske ne, ba raki ba. Ka riƙa miƙewa duk bayan minti 30, ka samu barci. In ka ji yatsunka kamar sun mutu, garzaya asibitin makaranta.