Cire lam a sa koyiloba: gyaran da ke burge samari a waya, da abin da zai ci wa mai Hilux

Duk mai bin shafukan motoci a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo. A-kori-kura ce aka ɗaga ta har sai mutum ya yi tsalle kafin ya shiga, tana sheƙa gudu a hamadar Kaliforniya, tayoyinta na hawa suna sauka cikin ramuka amma jikin motar ko gezau. A fadodin samari na Yamai, Maraɗi da Damagaram, wayar kan zaga hannu zuwa hannu a bakin shayi, daga nan sai wani ya jefo tambaya: me zai hana a yi wa Hilux haka? Ga ƴan uwa a Amurka da Turai, ga kayan nan jibge a intanet, saura kawai a sako su cikin kwantena.

Sirrin waɗannan motoci yana ƙarƙashinsu. An cire sifirin falle-falle, wanda makanikai ke kira lam, an maye gurbinsa da koyiloba. Koyiloba shokozoba ce da aka zura cikin naɗaɗɗen sifirin suka zama abu ɗaya. A jikinta akwai zobe mai zare da ake murɗawa don a ɗaga motar ko a sauke ta, kuma masu tsadar suna da ɗan tanki a gefe mai ɗauke da iskar naitirojin, wadda ke danne man ciki ta hana shi kumfa idan ya yi zafi.

Wannan gyara ya girma ne a tseren hamada na kudu maso yammacin Amurka da Meziko, musamman tseren Baja 1000 da aka fara a 1967. A can abin da ake nema shi ne tazarar da taya za ta iya hawa da sauka ba tare da ta jijjiga motar ba. Manyan motocin tseren kan samu fiye da santimita 70 a baya, alhali motar kaya ta kamfani da ƙyar take kai rabin rabin haka da ɗan ɗori. Daga filin tsere salon ya shiga gari, ya haɗu da wata al'ada ta Amurkawa ta ɗaga mota don a sa mata manyan tayoyi.

A nan ne matsalar lam ta fito fili. Hanya mafi arha ta ɗaga mota ita ce a cusa dunƙulen ƙarfe tsakanin lam da pon, wato gadar da ke haɗa tayoyin baya biyu. Motar ta tashi, amma pon ya yi nisa da lam. Duk lokacin da direba ya taka totur da ƙarfi, pon kan yi ƙoƙarin juyawa, ya murɗe lam ɗin, sai ya sake shi, tayoyi su riƙa tsalle a wuri ɗaya. A yashi abin ya fi muni. Ga kuma fallayen da ke gogar juna, shi ya sa motar da ba ta da kaya take dukan ƙugu a hanya mai gargada. Wanda ya gaji da wannan duka shi ne ke fara tunanin koyiloba.

Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne lam aiki biyu yake yi. Yana ɗaukar nauyi, kuma shi ne ke riƙe pon a mazauninsa, ya hana shi zamewa gaba, baya ko gefe. Koyiloba nauyi kawai take ɗauka. Ranar da aka kwance lam, pon ba ya haɗe da komai. Dole a ƙera masa sandunan ƙarfe da za su ɗaure shi da shasi: ko dai guda huɗu, biyun sama a karkace su haɗu kamar kan kibiya, ko kuma uku ko huɗu a miƙe tare da wata sanda da ake gittawa daga shasi zuwa pon, wadda ake kira Panhard, don ta hana shi lilo hagu da dama.

Kowace sanda da tsawonta da kusurwarta, kuma lissafi ne ke fitar da su, ido ba ya iyawa. Kuskuren ƴan santimita a inda aka like mariƙi ya isa ya sa bayan motar ya riƙa durƙusawa idan an taka totur, ko ya riƙa juya kansa a kwana kamar akwai wani direba a baya. Idan kusurwar bakin pon ba ta dace da ta furofela ba, motar za ta yi ta karkarwa, ta cinye gaɓoɓin furofelar cikin ɗan lokaci. A motocin da ke da lam a gaba, kamar Ford Super Duty na 1999 zuwa 2004 da Amurkawa ke yawan yi wa wannan aiki, haɗarin ya ninka, domin sandar sitiyari da ta Panhard sai sun tafi a layi ɗaya. In suka saɓa, duk ramin da aka faɗa sai ya fizgi sitiyari daga hannun direba.

Sai maganar shasi. Lam yana raba nauyi a wurare biyu masu nisa da juna a kowane gefe. Koyiloba kuwa tana tara shi a wuri ɗaya, wurin da kamfani bai ƙera don wannan nauyi ba. Saboda haka ake ƙara masa faranti, a lanƙwasa bututun ƙarfe a yi mariƙin sama. Doguwar koyiloba ba ta samun wuri a ƙarƙashi, sai an huda bodin baya ta leƙo ta ciki, a daidai inda buhunan gero ko duro na mai suke zama. Sau da yawa tankin mai, salansa da tayar safaya duk sai sun canja mazauni. Tiyon birki sai an ƙara masa tsawo, a sa maɗaurin da zai hana pon saukowa fiye da kima, a sa robar da zai daka idan ya kai ƙarshen hawa. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ake saurin mantawa da shi: yawancin tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani bawul a baya da ke auna nauyin kaya ta hanyar tsayin motar, ya daidaita ƙarfin birkin baya. Wanda ya canja tsayi bai gyara shi ba, ya canja birkinsa bai sani ba.

A Amurka kayan da aikin hannu kan ci dubban daloli, wato miliyoyin sefa, kafin a yi maganar jigila da duwan.

Masu goyon bayan gyaran suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Kamfanoni da kansu sun bi wannan hanya. Ram 1500 ta koma naɗaɗɗen sifirin a baya tun 2009, Ranger Raptor ta fito da koyiloba a baya a 2018, F-150 Raptor ta bar lam a 2021, Toyota Tundra ta biyo baya a 2022. Sai dai a duba me aka samu, me aka bayar. Raptor ta 2021 tana da tazarar hawa da sauka ta kusan santimita 38 a baya, amma kayan da aka yarda ta ɗauka bai kai kilo 700 ba. Hilux kuwa tana ɗaukar wajen tan ɗaya. Nissan ma ta gwada naɗaɗɗen sifirin a bayan Navara, masu ita a Ostareliya suka yi ta kukan tana durƙusawa da kaya, har kamfanin ya sake mata sifirin. Toyota ta sa wa Land Cruiser 79 naɗaɗɗen sifirin a gaba tun 1999, amma har yau lam ne a bayanta, kuma ba don injiniyoyinta sun kasa ba ne. Ita ma Hilux ɗin da Nasser Al-Attiyah ya ci tseren Dakar da ita a 2019, 2022 da 2023, suna da siffa kawai ta haɗa da wadda ke tashar Tawa. Ƙashinta na bututun ƙarfe ne, an gina ta daga tushe don tsere.

A Nijar, a-kori-kura jakar aiki ce. Ita ke kai kaya kasuwannin ƙauye, ita ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, ita ke ratsa Tenere zuwa Dirku da wuraren haƙar zinariya na Jado, sau da yawa da lodin da ya wuce abin da kamfani ya rubuta. A irin wannan tafiya lam yana da wata baiwa. Idan falle ɗaya ya karye, sauran na riƙe motar. Direba ya ɗaure da waya ko igiyar roba, ya lallaɓa har gari na gaba, inda da wuya a rasa na gwanjo ko wanda zai buga masa wani. Idan kuwa mariƙin sanda ya ɓalle daga waldarsa ana cikin gudu, pon ne gaba ɗaya zai kauce, kuma motar da aka ɗaga ta riga ta fi saurin kifewa domin nauyinta ya koma sama.

Ƙura ma ba ta raga wa koyiloba. Gaɓoɓin ƙarfe da ke bakin sanduna suna cinyewa da yashi su fara ƙara, robobin da ke toshe mai suna lalacewa, kuma shokozobar tsere an yi ta ne don a riƙa buɗe ta lokaci-lokaci, a canja mai, a sake cika iska. Wannan sai mai kayan aiki na musamman. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa sai da suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma a irin wannan yanayi roba ɗaya da ba ta kai tafin hannu ba tana iya ajiye mota makonni.

Ga mazauna waje akwai kuma batun doka. A Jamus irin wannan canji sai masu binciken motoci irin su TÜV sun amince an shigar da shi cikin takardu. A Faransa, babban sauyi a jikin mota yana buƙatar a sake gabatar da ita ga hukuma a karɓe ta ita kaɗai. A Ostareliya, inda ake yi wa Land Cruiser 79 wannan aiki sosai, sai injiniya ya sa hannu. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya samun kansa da kamfanin inshora da ya ƙi biya bayan haɗari.

Mai Hilux da abin da ke damunsa dukan ƙugu ne kawai yana da hanyoyin da ba sai an taɓa shasi ba. Ana iya cire dunƙulen ƙarfen nan a sa lam mai lanƙwasar da ta dace da tsayin da ake so, ko lam mai fallaye kaɗan masu sirancewa a baki, wanda ba ya gogar juna sosai. Shokozoba mai kyau da sababbin robobi kan canja mota fiye da yadda ake zato. Idan murɗewar pon ce matsalar, sanda ɗaya da aka ƙara don ta tare shi tana magance ta, lam yana nan a wurinsa. A yashi kuwa, tsofaffin direbobin Agadas sun daɗe da sanin rage iskar taya.

Inda koyiloba ke biyan kuɗinta shi ne motar wasa, wadda ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu da ƴar jaka, mai ita kuma yana da wata motar ta neman abinci. Shi ma kafin a kunna injin walda, ya kamata ya nemi a nuna masa zanen sandunan a takarda da lissafin kusurwoyinsu, ya auna nauyin gaba da na baya a sikeli don a zaɓi ƙarfin sifirin, sannan ya tambayi wanda zai buɗe masa shokozobar ranar da ta fara yoyo.