Kareti da Judo a Gonin Gora: Abin da Ya Kawo Su da Iyakar Fa'idarsu

Duk wanda ya san Gonin Gora, garin nan da ke bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja cikin ƙaramar hukumar Chikun, ba zai yi mamaki ba in ya ji iyaye suna cigiyar inda ake koya wa yara kareti ko judo, domin kuwa mutanen da suka ga rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011, sa'an nan a 2021 aka kwashe ɗaliban jami'ar Greenfield da na sakandaren Bethel Baptist duk cikin ƙaramar hukumarsu, har a farkon 2024 'yan bindiga suka shigo garin da dare suka tafi da mutum 16, suka ce sai an biya naira tiriliyan 40, ba abin zargi ba ne idan zukatansu suka karkata ga duk abin da aka ce yana kare rai. Tsoro shi ne babban musabbabi. Akwai kuma wani da ya girme shi, wato finafinan Bruce Lee da suka cika gidajen silima tun shekarun 1970, waɗanda suka sa wa samari sha'awar naushi da shuri, alhali shi mutumin Hong Kong ne, fanninsa kuma na ƙasar Sin ne, ba na Japan ba inda kareti da judo suka fito.

To, amma kafin a yanke hukunci a kan wani ilmi, wajibi ne a san asalinsa. Mayaƙan Japan na dā, waɗanda ake kira samurai, sun riƙe dabarun takobi da mashi da kokawa a makarantu, kowace makaranta da wanda ya assasa ta da jerin magadansa. Ga misali Katori Shinto-ryu, wadda Iizasa Ienao ya kafa a ƙarni na 15, har yau ana karantarwa a cikinta, kuma sabon almajiri ba ya fara darasi sai ya ɗauki alkawari, ya hatimce shi da ɗigon jininsa, cewa ba zai nemi kowa da faɗa ba kafin a yarje masa. Wanda ya ƙure karatu sai malaminsa ya rubuta masa takardar izinin koyarwa. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a zauren malami a Zariya ko Kano zai gane wannan tsari nan take, gama shi ne ijaza da silsila, inda ba a karɓar fatawar mutum sai an san wanda ya karantar da shi.

Da sarautar Meiji ta zo a 1868, aka kuma hana samurai rataya takobi a 1876, sai wannan ilmi ya doshi mutuwa. Abin da ya cece shi, a ganina, shi ne hikimar Jigoro Kano, malamin makaranta wanda ya karanci kokawar mazhabobi biyu, ya tace su, ya keɓe dabarun da ke halaka mutum daga gwajin yau da kullum, ya buɗe makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882 da nufin gyaran jiki da hali. Shi ne kuma ya fara shigo da martabobin da baƙar ɗamara take nunawa cikin wannan fanni. A 1922 Gichin Funakoshi ya kawo kareti daga tsibirin Okinawa zuwa Tokyo, ya bi wannan tafarki. Judo ya shiga gasar Olamfik a 1964. Bilhasali, abin da ya iso mana Kaduna, ta hanyar barikokin soja da na 'yan sanda da filayen wasa, tarbiyya ce da wasa, ba fannin yaƙi ba.

A nan ne illar take, kuma ita ce ta fi damuna. Malamin da ya ce wa yaro ɗan shekara goma sha biyar da hannu zalla zai ƙwace bindiga daga ɗan fashin da ya zo tare da abokansa a kan babura, lalle ya ɗauki alhakin ransa. Irin wannan da'awa ba ta cika fitowa daga bakin waɗanda suka daɗe ƙarƙashin malami ba. Tana fitowa ne daga wanda ya kalli bidiyo a waya, ya sayi ɗamara a kasuwa, ya tara yara a harabar wata makaranta yana karɓar kuɗi duk wata. Shi ba shi da silsila, saboda haka babu wanda zai tsawata masa, kuma dabarar shaƙe wuya da karya gaɓa idan ta faɗa hannun yaron da ba a koya masa haƙuri ba, to an ƙara wa unguwa ɗan daba ne kawai.

Fa'idar kuwa tana nan, sai dai ba a inda ake nemanta ba. Yarinyar da ta san yadda za ta kuɓuce daga riƙon wanda ya tare ta a lungu, ta yi kururuwa ta gudu, ta sami abin da zai amfane ta haƙiƙa. Saurayin da babu aikin yi, wanda da yamma ta yi sai majalisar 'yan ƙwaya, idan ya sami wurin da zai zubar da gumi ya kuma rusuna wa na gaba da shi, an rage wa iyayensa wani nauyi. Akwai kuma wani alheri da ya keɓanta da Kaduna: tun bayan rikicin 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin Musulmi da Kirista, amma a filin Murtala da filin wasa na Ahmadu Bello ɗan Gonin Gora ko Sabon Tasha yana iya riƙe rigar ɗan Tudun Wada ko Rigasa, su kayar da juna bisa ƙa'ida, su gaisa su rabu lafiya. Wurare kaɗan ne suka rage da ke haɗa su haka.

Saboda haka abin da ya kamata ga hukumar wasanni ta jiha, tare da ƙungiyoyin judo da kareti na ƙasa, shi ne su ajiye rajistar masu koyarwa a kowace unguwa, a rubuta sunan malamin kowa da martabar da ya kai, ta yadda uba ko shugaban makaranta zai iya dubawa kafin ya miƙa 'ya'ya. Tsaron gari daga 'yan bindiga kuwa a bar shi a wuyan gwamnati da jami'anta, inda shari'a ta ɗora shi.