Kayan Aikin Shari'a Da Masu Kula Da Su A Kankiya Da Kusada

Wanda duk ya taɓa bin wata ƙara daga farkonta zuwa ƙarshenta ya sani shari'a bisa takarda take tafiya. Alƙali ya ji ta bakin mai ƙara, ya ji ta bakin wanda aka yi ƙara, shaidu su faɗi nasu, amma in ba a rubuta ba, ran da aka ɗaukaka ƙara sai ka ce ba a yi kome ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana da akawuna da malamai a kan kayan da ake wannan rubutu da su yau, musamman a ƙasar Kankiya da Kusada.

A zamanin En'e kayan aikin alƙali ba su da yawa. Muhuti na zaune gefe da alƙalami da tawada da babban littafin shari'a. Doka ba ta yarda lauya ya tsaya gaban alƙali ba, don haka ba a san wani ofishin lauya a ƙasar hakimi ba. A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su hannun gwamnatin jiha, daga baya kuma hanya ta buɗe wa lauyoyi. A 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, a shekarar 2000 kuwa aka kafa kotunan Shari'ar Musulunci. Kowane sauyi sai ya ƙara yawan takardu. Keken rubutu da takardar kabon suka yi zamaninsu, yanzu ga kwamfuta.

To, kwamfuta ba keken rubutu ba ce. Keken rubutu ba ya cin wuta, in ya cije kuma sai akawu ya ɗiga masa mai ya ci gaba. Ita kuwa tana son wuta, tana son intanet, ba ta shiri da ƙurar hunturu, in ta mutu kuma takan tafi da abin da ke cikinta. Wutar wannan yanki daga kamfanin KEDCO take zuwa, mai rarraba wa Kano da Katsina da Jigawa, kuma ba wanda ya manta da watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata manyan layukan wuta, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. A 2021 an yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da ba ta da nisa da Kankiya. Ofishin da ya jingina aikinsa duka ga waya, ran nan ba shi da aiki.

Galibin ofisoshin lauyoyi a birnin Katsina suke, wasu a Funtuwa. Daga Kankiya zuwa Katsina kimanin kilomita 60 ne bisa hanyar Kano, mutumin Kusada kuwa sai ya ƙara tafiya kafin ya hau babban titi. A ce manomi ne aka yanke masa hukunci a kan gonar gado, bai gamsu ba. Doka ta yanka masa kwanakin da zai ɗaukaka ƙara a ciki. Lauyansa na bukatar kwafin shari'ar, watau sai an buga abin da aka rubuta da hannu, in ta kai ga manyan kotuna ma sai an juya shi da Turanci. Ya biya kuɗin mota ya zo, a ce masa ba wuta. Ya dawo, a ce injin buga takarda ba tawada. Kwanaki na tafiya, damina na matsowa, gona ba wanda ya san mai shuka ta. Gaskiyarsa ba ta ragu ba, amma tana iya salwanta a bakin injin.

Mun taɓa zama a ofishin wani lauya muna jiran wata takarda. Kwamfuta biyu muka gani bisa tebur, ɗaya an lulluɓe ta da ƙyalle. Muka tambaya, aka ce ta yi wata huɗu ba ta tashi ba, mai gyara ya ɗauki wani abu daga cikinta ya tafi Kano, har yau shiru. Ƙarshenta yaron ofis ya kwashi takardun ya tafi shagon buga takardu na bakin titi. A nan ne abin ya dame mu. Abin da mutum ya gaya wa lauyansa amana ne, sirrin aure ne, ko na bashi, ko na gado. Ga shi an buga shi a kwamfutar haya, an bar shi a ciki, mai zuwa buga takardar neman aiki yana iya buɗewa ya karanta. Banda wannan, ɗan abin nan da ake kira filash, mai yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan, shi ne babban mai ɗauko cutar da ke lalata takardu.

Akwai wani abu kuma da malaman makaranta za su fi kowa ganewa. Yawancin kwamfutoci ba a shirya su da haruffa masu lanƙwasa ba, watau ɓ da ɗ da ƙ, ko da yake shirya su aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya. A wasiƙar zumunci ba kome. Amma a maganar shaida, "baki" daban "baƙi" daban, "ya kasa" ba "ƙasa" ba ce, "karya" kuma ba "ƙarya" ba. Mai juyawa da Turanci ba ya wurin sa'ad da aka yi magana, abin da ya gani a takarda shi zai juya.

Kada a ce wannan duk a bar wa Legas da Abuja. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta a matsayin shaida, amma da sharaɗi. Sai an nuna cewa ana amfani da ita a kai a kai, kuma lafiyarta ƙalau sa'ad da aka yi aikin, ko kuwa cutar da ta same ta ba ta taɓa ingancin takardar ba. Wanda ke da alhakin kula da ita shi zai sa hannu. A 2012, cikin shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka ciro daga intanet domin ba a cika wannan sharaɗi ba. A 2020 kuwa, lokacin annobar korona, kotuna suka soma zama ta intanet, alƙali na nan, lauya na can. Watau doka da kanta tana tambayar wane ne mai kula da injin. A ofisoshi da yawa amsar ita ce ba kowa.

Mu da aikinmu horar da malamai ne mun sha ganin irin wannan a makarantu. A kawo kaya a yi biki, a ɗauki hoto, ba a ware ko kwabo na gyara ba, ba a koya wa kowa ba. Bayan shekara ɗaya ɗakin ya zama na gizo-gizo. A ganinmu sayen injin shi ne ƙaramin aiki. Ofishin lauya ɗaya ba zai iya riƙe ma'aikacin gyara shi kaɗai ba, amma huɗu ko biyar suna iya haɗa kai su ɗauki mutum ɗaya amintacce, su ɗaure shi da alkawarin riƙe sirri. Kotunan Kankiya da Kusada da Ingawa ma mai gyara ɗaya da babur ya ishe su zagayawa. Farantin sola da batir sun isa su riƙe kwamfuta da injin buga takarda yini guda.

Akawu kuwa yana da nasa da ba sai ya jira kowa ba. Duk ranar Alhamis ya kwafe aikin mako a wuri na biyu, ya ajiye shi nesa da na farko. Ya sa kalmar sirri, kada ya rubuta ta a bango. Ya rufe injin da ƙyalle in ya tashi. Babban littafin rajista kuma kada a yi saurin jefar da shi: a ci gaba da shigar da lambar ƙara da sunayen masu ita da ranar hukunci da hannu, a ɗora shi bisa kanta inda gara ba ta kai.