Da Ɗan Gari Kan Ci Gari: Tafiyar Ɗan Ƙwallon Lambu Daga Ƙaura Zuwa Jos

Mutanen Ƙaura Namoda, na Shinkafi da na Zurmi, yau shirinmu na musamman ya ɗauko wasan da yawancinmu a talabijin kaɗai muke gani, ƙwallon lambu, wanda Turawa ke kira golf. Na san yanzu wani dattijo ya gyara zaman rediyonsa yana cewa, mu da ke fama da matsalar hanya, ina ruwanmu da wasan masu kuɗi? Baba, a yi haƙuri a ba ni minti kaɗan. Zancen tafiya ne da baƙunta, kuma ba a koya wa Bazamfare waɗannan biyun.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Fili ne makeke mai ramuka 18, bakin kowane rami bai cika santimita 11 ba. Ɗan wasa na zuwa da sandunan da ba su wuce 14 ba, ya yi ta dukan 'yar farar ƙwallo daga nesa har ta faɗa rami. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A garin St Andrews na ƙasar Sukotlan aka tsayar da adadin ramukan a 18, tun 1764. To amma filin ƙwallon ƙafa, na Gusau ne ko na Landan, fasalinsu ɗaya. Filin ƙwallon lambu kuwa kowanne da halinsa, shi ya sa masu wasan ba sa zama wuri guda. Ku tuna yadda 'yan dambe ke saɓa kaya bayan kaka suna bin garuruwa neman abokin karawa. Bambancin kawai, a nan filin ne abokin karawar.

A ce mutum ya taso daga Ƙaura da jakar sandunansa a bayan mota. Da hantsi zai tashi, don a halin da ake ciki babu mai hankalin da ke bin hanyoyinmu da duhu. Gusau, Tsafe, Funtuwa, sai Zariya. Kusan sawun layin dogon da ya iso Ƙaura daga Zariya a 1929 yake bi, wanda aka shimfiɗa don kwasar gyaɗa da auduga. Jirgin ya iso mana, wasan bai biyo shi ba. Wasan ya tsaya inda Turawan mulki da na kamfanoni suka yi yawa: Zariya, Kano, Jos, da Kaduna wadda kulob ɗinta ke nan tun 1921.

Abin da ya daɗe yana rikita baƙo a filayen Arewa shi ne kewayen ramin. A Turai wurin ciyawa ce kore shar, an aske ta kamar darduma. Mu nan ina ruwan da za a shayar da ita wata bakwai na rani? Sai aka yi dabara, aka riƙa cakuɗa yashi da baƙin mai a baje a kewayen ramin. Kafin ka yi bugun ƙarshe, wani zai ja katako ko buhu ya share maka layi sumul daga ƙwallonka zuwa rami. Wanda ya saba da ciyawa yakan doka a hankali, ƙwallo ta tsaya rabin hanya tana kallonsa. Ya ƙara ƙarfi, ta wuce. Wasu filayen yanzu sun koma ciyawa, amma kada kowa ya raina yashin nan. A kansa aka riƙa buga babbar gasar Najeriya a Ikoyi ta Legas, inda Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, ya ɗauki kofi a 1988 da 1989, tun bai zama na ɗaya a duniya ba.

Ga kuma hunturu. Ƙasa ta bushe ƙayau, ƙwallo na sauka sai ta yi ta tsalle tana gudu fiye da yadda ka nufa, hazo kuma ya ɓoye maka tutar da ke tsaye a rami.

Daga Zariya a kama hanyar Pambeguwa, a wuce Saminaka, a hau tudun Jos. A can filin Rayfield yake, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa a 1913. Jos na kan tudu mai tsawon mita sama da 1,200, iskar wurin ba ta da nauyi, saboda haka bugun da ka saba yi zai kai ƙwallo nesa da inda ka auna. Duk lissafin da ka zo da shi daga Zariya ya rushe.

To wa zai fitar da kai? Saurayin nan da ke tsaye a bakin kulob, wanda zai saɓa maka jaka. Masu wasan na ce masa kadi. Baƙi da yawa na ɗaukarsa ɗan dako ne kawai, kuma a nan suke yin asara. Kadi ya taka filin nan sau ɗaruruwa. Ya san inda ƙasa ta karkata ba a gani, ya san kwarin da ke ɓoye bayan tudu, ya san wace sanda za ka zaro in iska ta juya. In ya ce, "Ranka ya daɗe, auna waccan bishiyar ta hagu," ka auna ta ko da idonka na gaya maka dama. Da ɗan gari kan ci gari. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan ma daga ɗaukar jaka suka fara, da kallo suka koya.

Alhaji mai sauraro, in Allah ya kai ka ɗaya daga cikin filayen nan, ka ɗauki kadi tun daga ramin farko, ka tambayi sunansa, ka sallame shi da kyau in an tashi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.