Ina tsofaffinmu za su zauna a kasuwannin kan iyaka?

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa har ya tsallaka Jibiya, ko ta Birnin Ƙonni zuwa Illela, ya san cewa a da babu kasuwar da ba ta da gindin itacen dattawa. Wata tsamiya ce, wata durumi, wata kuma dogon yaro. Nan dillalan da ƙarfi ya fara yi wa ƙaranci suke shimfiɗa buzu tun da hantsi, nan ake kawo gardamar awo da ta bashi, nan kuma baƙon da ya zo da kaya daga nesa yake samun wanda zai tsaya masa. Yau idan muka zaga, da yawan wuraren nan sun koma shaguna ko wurin ajiye babura.

Ba mu ƙi gini ba. Garuruwanmu sun canza fuska, musamman a shekarun da aka yi ta zagayawa da bikin 18 ga Disamba, inda Doso ta karɓa a 2014, Maraɗi a 2015, Tawa a 2017, Damagaram a 2018. An shimfiɗa kwalta, an haƙa magudanan ruwa, an kafa fitilu. Sai dai aikin da aka auna da ƙafar saurayi ba lallai ya yi wa ɗan shekara 70 daidai ba. Magudanar da aka bari a buɗe, yaro tsallake ɗaya zai yi mata, amma ga dattijo mai sanda katanga ce. Mai shago ya ɗaga daɓensa don gudun ruwan damina, ya yi matakala uku masu tsawo babu abin dafawa, sannan yana mamakin abin da ya hana tsohon abokin cinikin mahaifinsa leƙowa. Dakalin ƙofar gida ma, wanda nan ne majalisar unguwa, sau da yawa shi ake fara rushewa idan za a faɗaɗa hanya.

Iyayenmu mata sun fi kowa shan wuya. Masu daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ba su da kuɗin kama rumfa, don haka bakin hanya suke kasa kayansu, tsakanin ƙurar manyan motoci da ƴan kabu-kabu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, tsohuwa takan wuni tana tsuke shan ruwa da gangan saboda babu makewayi kusa, wanda ke akwai kuma na tsuguno ne da gwiwarta ba ta iyawa. Koke irin wannan muna yawan jin sa daga masu saurarenmu a gidan rediyo, kuma jikoki ne ke kawo shi, don su tsofaffin kunya takan hana su faɗa.

Maganar ba a kanmu aka fara ta ba. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani kundi a kan biranen da suka dace da tsofaffi, bayan an saurari tsofaffin kansu a birane 33. Daga cikin abubuwan da suka roƙa akwai wurin zama a huta, da hanyar ƙafa marar ramuka, da makewayi mai tsabta, da isasshen lokacin ƙetare titi. Tarayyar Afirka ita ma ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi a 2016. Amma takarda ba ta yin inuwa.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin maginin unguwa ba. Dakalin siminti ya kai tsayin gwiwa, wato kamar santimita 45, domin wanda ya zauna ya iya tashi ba tare da an kama shi ba, a yi masa majingina, a kuma dube shi da kyau kada rana ta faɗa masa da azahar. Inda za a yi gangara maimakon matakala, ƙa'idar da magina suka sani ita ce duk hawan taƙi ɗaya a ba shi tsawon taƙi 12, in ba haka ba keken guragu ba ya hawa. A rufe magudana a ƙofar kowane layi. A ajiye randa da wurin alwala mai kujera. Kada kuma a kai wurin can bayan kasuwa da sunan neman musu shiru, domin dattijo ba shiru ya fito nema ba, mutane ya fito gani.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan aikin ma'aikatar magajin gari ne, tunda ita ke karɓar kuɗin tikiti kowace ranar kasuwa. Gaskiya ne, kuma ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa su tambaya. Amma ku tuna lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar 2023. Kaya suka maƙale, bashi ya taru a ɓangarorin biyu, kuma cinikin da aka ƙulla da baki babu takarda, shaidarsa tana wurin dattawan da suka san uban wane da kakan wane. Wanda ya san haka ba zai ga buhun siminti biyar da ya bayar a matsayin asara ba.

Tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasar nan kowace ranar 3 ga Agusta. Idan damina ta zo, shugabannin layin hatsi da na kara da na ƴan tireda suna iya neman a ware musu ɗan fili a tsakiyar kasuwa, su dasa dogon yaro, su kewaye shi da ƙaya saboda awaki, su ɗora wa yaran shago ban ruwa. Kafin itacen ya yi inuwa, rumfar zana ta isa, muddin an rubuta a gaban hukuma cewa filin ba na haya ba ne.